Rumbun da Ba Shi da Maigida

Mun taɓa kusan rasa gonarmu saboda yunwa, alhali rumbunmu cike yake da dawa. Ba a kulle shi ba. Ba wanda ya hana mu. Tsani yana jingine a jikinsa, kowa yana wucewa yana gani. Abin da ya faru ke nan, kuma har yau ina juya shi a raina.

Bara aka ɗauke ni a mota zuwa ta'aziyya a ƙauyenmu, can wajen Kaele. Tun daga nesa nake leƙe ta taga ina neman rumbu. A da, kafin ka ga mutum a gari, sai ka fara ganin kawunan rumbuna sun leƙo ta saman danga, kamar tsofaffi sanye da malafa. Ban ga ko ɗaya ba. Yanzu buhu ne. A ɗure dawa, a jefa ƙwayar magani, a ɗinke, a kai mangaza, wato ɗakin ajiya, a sa kwaɗo. Na tambayi wani saurayi, idan yunwa ta zo wa ke buɗewa? Ya ce mai makulli. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina rana take fitowa. Ciyawa ma ba a noma ta yanzu. Yaro ya goya tanki a baya, ya bi kunya yana fesawa, kafin la'asar ya dawo gida ya yi wanka. Ban ce namu ya fi nasu ba. Bayansu ba zai lanƙwashe kamar nawa ba. Amma idan na ba su labarin nan dariya suke yi, sun ɗauka tatsuniya ce.

Kakana bafatake ne, da kanwa da goro ya shigo ƙasar nan daga yamma. Ubana ya gaji jakuna. Jakunan suka mutu, ya koma ƙwadago, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Ni fartanya na gada. Garin na Fulani ne, mu Hausawa ba mu da yawa, shi ya sa ba wanda ya damu da sunana, Hausajo kawai ake ce mini. Lokacin Turawan Faransa ba su daɗe da tafiya ba. Hukuma tana ta sauko da mutanen dutse zuwa ƙasa, ana ce musu noma a kan dutse ya ƙare. Kamfanin auduga kuma ya shigo da igiyarsa ta awon gona. Masu fili suka ƙara fili, marasa fili suka ƙara yawa. Duk muka haɗu a wuri ɗaya, gonar Alhaji Sanda, wanda ya fi kowa ƙasa a garin. Mu ne 'yan ƙwadagonsa. Musulmi, Kirista, da masu bin addinin iyaye, kunya ɗaya muke bi. Ciyawa ba ta tambayar addini.

Ina tuna sautin safiya a lokacin. Zakara, sai lugude daga gidajen masu abin dakawa, sai ƙarar fartanyu suna gogar juna a kafaɗun mutane a kan hanya. Ba a magana da yawa. Wanda bai karya ba ba ya son hira. Da azahar a sallame mu, kowa a auna masa tasar dawa. Ka kai gida, a daka, a ci, gobe ka dawo. Alhaji ba azzalumi ba ne, tasarsa cike take, wani lokaci har da fura. Amma tarko ne. Lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi a gonar mai kuɗi, lokacin ta fi ƙarfi a ɗan abin da ka shuka a bayan ɗaki, lokacin kuma abinci yake ƙarewa a gidan talaka. Marka ke nan, tsakiyar damina. Dole ka bar naka ka nome na wani don ka ci yau. Naka ya mutu. Baɗi ka sake dawowa. Ubana ya mutu a cikin wannan zagaye, ni ma na ɗauka a nan zan mutu.

Bulus ne ya kawo maganar. Ɗan dutse ne, Kirista, gajere, ƙirjinsa kamar turmi. Ya je wani taro a mishan ya ji cewa a wasu garuruwa marasa gona suna haɗa kai su nemi fili ɗaya. Masu boko suna ce wa abin kofaratif. Mu ba mu iya faɗa ba, sai muka ce ƙungiya. Ni abin da ya ja ni son sani ne. Tun ina yaro idan na ga abu, sai na san yadda yake tafiya. Na san gayya, kowa ya san ta. Amma gayya tana da mai gona, a yi masa aiki, ya ciyar, a watse. Gonar da kowa mai ita ne, kuma ba wanda yake mai ita, wannan ban taɓa gani ba. Na ce zan shiga ko don in ga ƙarshenta.

Magidanta ne ba mu kai ashirin ba. Muka je wajen Jauro, wato mai garin. Ya saurare mu yana ɓare gyaɗa. Ya ce akwai wani daji a bayan rafi, duk ƙaya da kututture, ba wanda yake so.

"Na ba ku aro," in ji shi. "Amma ku ji da kyau. Ƙasa ba ta zaman banza. Duk daminar da na zo na tarar ciyawa ta rufe shuka, ta dawo hannuna, in ba wanda zai iya."

Muka ce mun ji, ranka ya daɗe. Kowa ya san wanda zai iya. Alhaji Sanda ba ya son daji mai kututture, amma idan wani ya tumɓuke masa kututturen, zai so.

Shekarar farko da yamma muka yi ta, bayan an sallame mu daga gonar Alhaji. Mun sha wuya. Tafin hannuna ya tsage har ya daina jini. Filin da muka iya sharewa kaɗan ne, amma sabuwar ƙasa ce, ruwa kuma ya yi kyau. Muka shuka jigari, jar dawar nan mai saurin nuna. Ta yi. Da muka buge ta, mata suka sheƙe, muka tsaya muna kallon tsibin. Ba ɗayanmu da ya taɓa tsayawa gaban tsibin dawa irin wannan ya ce da nasa a ciki. Wasu suka ce a raba. Bulus ya ce a'a. Idan aka raba, kafin bazara ta ƙare an cinye, an yi biki, an biya haraji. A ajiye ta sai marka. Idan muna da abin ci a marka, ba mai zuwa gonar kowa, sai tamu. Da rani kuma mu ƙara share daji, mu ninka filin. Maganar ta shiga. Aka ce a gina rumbu.

Baba Tije ne ya gina shi. Kawun Bulus ne, tsoho, bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba. Ban taɓa ganin mai gini irinsa ba. Na bar abin da nake yi na zauna kusa da shi ina miƙa masa ƙasa, don kawai in gani. Ya fara jera duwatsu, ya ce gara ba ta son hawa inda iska ke wucewa. Ya kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana ta yi tsami. Ba ya awo. Ɗan yatsa da tafin hannu kawai, yana zagayawa yana ɗorawa kaɗan kaɗan, kamar mai ginin tukunya. Ya bar baki ɗaya a can sama, daidai shigar mutum. Da aka zo zuba dawa, sai ya sa a zuba, a barbaɗa toka, a zuba, a barbaɗa toka. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗana, ƙwaro yana da haƙori, amma ba ya son ƙasa a bakinsa." Aka rufe da murfi, aka liƙe, aka ɗora jinka. Aka sassaƙa tsani daga reshe mai baki biyu, aka jingine.

Ranar muka yi kuskuren. Muna zaune a gindin tsamiya, ana murna, sai wani ya ce to yaya za a riƙa ɗiba? Hamadu, wani Bafulatani da shanunsa suka ƙare ya koma ƙwadago, shi ya ba da amsa. Ya ce ai da sauƙi. Duk wanda yunwa ta ci ƙarfin gidansa, ya zo gaban jama'a ya faɗa, a buɗe a auna masa. Kowa ya ce madalla. Magana ce mai kyau, ta adalci. Cikinmu a ƙoshe yake ranar. Mai ƙoshi bai kamata ya yanka wa yunwa doka ba.

Da bazara sanƙarau ya shigo garin. Ya ɗauki yara, ya ɗauki manya kaɗan. Hamadu na ciki. Ya bar matarsa Asta da yara uku. Ta shiga takaba, ba a ƙara ganinta a waje ba. Mu kuwa muka ci gaba da sassabe. Ruwa ya sauka, muka shuka fili ninki biyu. Noman farko muka yi shi tare, har da waƙa. Sai marka ta kama.

Yaran yanzu ba su san yadda namiji yake ɓoye yunwa ba. Sana'a ce, ana koyonta tun daga gida. Uwata takan ɗora tukunya da ruwa zalla a murhu, don maƙwabta su ga hayaƙi. Namiji ya fito da safe yana sakace, alhali ba abin da ya shiga bakinsa tun jiya. Ka gamu da shi ka ce yaya gida, ya ce sai godiya. Ana ce wa wannan rufin asiri, kuma shi ne abu na ƙarshe da talaka yake da shi. Fulani nasu ya fi namu tsanani, gara ya faɗi a hanya da ya ce yana jin yunwa. Mutanen dutse kuma, a wajensu wanda rumbunsa ya ƙare kafin kaka ba a ba shi mata, ba a sauraron maganarsa a taro. Kowa da irin nasa, amma duk wuri ɗaya suka nufa. To ka ce wa irin waɗannan mutane su tsaya gaban tsararrakinsu su ce gidana babu. Kowa ya zauna yana jiran wani ya fara.

Gidana ganyen tafasa muke ci da ɗan gishiri. Matata tana goyo. Wata safiya na ɗauki fartanya, ban bi hanyar gari ba, na zagaya ta cikin rafi don kada a gan ni, na ɓulla gonar Alhaji ta baya. Na sunkuya na kama kunya. Ban yi nisa ba na ji fartanya tana sara a kunyar da ke kusa. Na ɗaga kai. Bulus ne.

"Hausajo, me ya kawo ka?"

"Na zo gaida Alhaji."

"Da fartanya?"

"Kai fa, arnen dutse?"

"Akuyata ce ta ɓata."

"Shi ne kake nemanta a ƙarƙashin ciyawa?"

"Ƙarama ce," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Muka ci gaba da noma. Kafin hantsi na ƙirga da ido, fiye da rabin ƙungiyarmu suna cikin gonar nan, kowa ya shigo ta tasa hanyar, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Da azahar Alhaji ya zo awo da kansa. Ya cika mini tasa, ya ƙara ɗan hannu.

"Hausajo, na ji an ce kun yi rumbu."

"Mun yi, Alhaji."

"Masha Allah. Na gan shi daga nesa, ya yi kyau. Ado ne?"

Na karɓi dawata.

Da yamma mukan je tamu gonar, amma wanda ya nome ta wani tun asuba da cikin wofi, me ya rage masa? Mu ɗan taɓa mu zauna. Fili ya ninka, ƙarfi ya ragu. Harƙiya ta taso, ta kai gwiwa, ta wuce. Dawa ta fara yin rawaya a cikinta.

Wata rana na bi ta wajen rumbun, ruwa ya kama ni, na raɓa a ƙarƙashin jinkarsa. Da ruwan ya ɗauke, sai na ji kamar bai ɗauke ba. Wani ɗan sauti, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Na duba sama, ba ɗigo. Na manna kunnena a jikin rumbun. Daga ciki ne. Na zagaya na sake mannawa. Ta ƙasa shiru, ta sama kamar kasuwa. Na daɗe a tsaye ina saurare. Ban taɓa sanin ana jin cin ƙwaro ba. Na tafi wajen Baba Tije na faɗa masa.

"Wa ya ce ka sa kunne?"

"Ba kowa, Baba."

"A wajenmu, rumbun da ba naka ba, ko ido ba ka sa masa."

"To ai da nawa a ciki."

"Da nawa ma. Shi ya sa ba nawa ba ne, ba naka ba ne."

Na ce to ya hau ya duba, tunda shi ya gina. Ya ce magini yana hawa kafin a zuba hatsi. Bayan an zuba, maigida kaɗai ke hawa. Haka ya taras, haka zai bari. Ya ce tun ranar da aka rufe shi yake tunanin wannan, bai sami amsa ba.

Na kai maganar gindin tsamiya. Na ce ƙwari suna cin dawarmu. Kowa ya ce subhanallahi, a buɗe. Bulus ya ce to, bisa doka, wa yake da buƙata? Wani ya ce shi dai alhamdu lillahi, surukinsa ya aiko masa da gero. Ƙarya ce, surukinsa ya rasu tun tuni. Wani ya ce shi yana da saura, amma ya ga kamar gidan wane hayaƙi ya yi ƙaranci. Wane ya miƙe zai yi dambe. Aka raba su. Wani ya ce to a hau a duba kawai, ba sai an ɗiba ba. Aka ce to wa zai hau? Duk wanda ya taka tsanin nan, gobe gari zai ce yunwa ce ta kai shi, duba ɗin dalili ne. Aka ce Bulus ya hau, shi ya kawo maganar ƙungiya. Ya ce idan ya hau za a ce ya mai da kansa maigida. Aka tashi ba a yanke komai ba. Na koma gida ina mamaki. Mutanen da suka tumɓuke daji da hannu, reshe mai baki biyu ya gagare su.

Sai Jauro ya zo. Ya tsaya a bakin gonar, ya kafa sandarsa a cikin ciyawa. Ciyawar ta kusa rabin sandar. Ya dube mu.

"Wannan dawa ce aka shuka a cikin ciyawa, ko ciyawa ce aka shuka a cikin dawa?"

"Ranka ya daɗe, za mu nome."

"Kafin watan nan ya mutu zan dawo. Ba na son in zama mai ƙwace, amma na faɗa muku tun farko."

Watan ya riga ya fara lalacewa.

Cikin kwanakin nan Asta ta fita takaba. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan fara'a tun mijinta na da rai. Ta yini ɗaya tana zagaya gidaje tana godiyar ta'aziyya. Mata ba sa ɓoye wa juna tukunya kamar yadda maza ke ɓoye wa juna ciki. Ta ga abin da ta gani. Washegari da azahar, muna dawowa daga gonar Alhaji, kowa da tasarsa a ƙarƙashin riga, muka tarar da ita a gindin rumbu. Ta ɗaure zane ta tamke, ta ajiye ƙwarya, tana gyara zaman tsani. Matanmu suna tsaye daga gefe.

Baba Tije ya taho da sauri yana dogara sanda.

"'Yata, sauka. Mace ba ta hawa rumbun namiji."

Ƙafarta ɗaya na kan tsani. Ta juyo.

"Gaskiya ne, Baba. Nuna mini namijin, in sauka."

Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya motsa.

"An ce sai an faɗa a gaban jama'a. Mijina ne ya yanka dokar, Allah ya jiƙansa, bai san zai bar ni da ita ba. To ga jama'a. Ni Asta, gidana babu ko ƙwaya. Yarana ganye suke ci. Na faɗa. Kun ji? Wani ya mutu?"

"Adda," na ce, yadda Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa, "bari in riƙe miki tsanin."

"Riƙe, Hausajo. Ka kula tasar da ke cikin rigarka kada ta zube."

Matan suka fashe da dariya. Na ajiye tasar a ƙasa, a fili, na riƙe tsani.

Ta ture jinka, ta fasa liƙin da dutse, ta ɗaga murfi. Wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suka taso mata a fuska kamar hayaƙi. Wari ya sauko, irin na tsohon ɗaki. Murfin ya tsage tun ruwan farko, damshi ya shiga, ba wanda ya sani. Ta zura hannu ta ɗebo ta watso ƙasa. Gari ne da ɓawo, yana motsi. Ta ɗebo, ta watso. Ta ɗebo, ta watso. Kaji suka taru. Muna tsaye muna kallon guminmu yana zuba. Wani a bayana ya fara salati. Ta shiga ciki har ƙugu, muna jin ƙwarya tana kankara. Can sai ta yi shiru. Ta ɗago da hannu cike, ta hura toka, ta miƙo wa Baba Tije. Ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ta yi ƙara.

"Lafiya lau," in ji shi.

Abin da ya lalace ya kai kashi ɗaya cikin uku. Sauran toka ta tsare.

Na ɗauka za ta auni nata ta tafi. Ba ta yi haka ba. Ta ce wa matan kowace ta kawo ƙwarya. Tana daga sama tana cikawa, ana miƙawa ƙasa. Mai surukin nan da ya aiko da gero ya ce wa matarsa ta koma gida, su ba su da buƙata.

"Ba tambayarka na yi ba, Malam," in ji Asta. "Rabon gidanka ne. Ka ga dama ka ba kaji. Idan ba ta karɓa ba, a ƙofar gidanka zan zube shi, gari ya gani."

Matar ta karɓa. Shi kuma ya tsaya yana faɗa, wai an tilasta masa. Na lura faɗan bai hana shi bin ƙwaryar da ido ba har ta shige gida.

A nan tsaye aka sake doka, ba a ko zauna ba. Duk jajibirin kasuwa za a buɗe rumbu, a auna wa kowane gida gwargwadon bakunansa. Ba a roƙo, ba a ƙi. Wanda ya ƙi karɓa ya fita daga ƙungiya. Aka ce wa zai riƙa hawa? Baba Tije ya ce wadda ta hau ta riga ta hau, shi a saninsa rumbu ba ya canja maigida. Ba wanda ya yi musu.

Ranar lugude ya tashi a unguwarmu gida gida, har Fulanin cikin gari suna tambaya ko biki ake yi. Da asuba ba wanda ya bi ta rafi. Muka fita ta tsakiyar gari, maza da mata, muka faɗa wa ciyawar nan. Ba noma ba ne, kokawa ce. Wani wuri sai da hannu, don fartanya ba ta gane dawa daga harƙiya. Macizai biyu muka kashe. Alhaji ya aiko a tambaya ko lafiya, Bulus ya ce a gaya masa an ga akuyar.

Ba mu gama ba. Da Jauro ya dawo, gefen da ke bakin rafi yana nan cikin ciyawa, kuma shi ne wuri mafi kyau, mai riƙe damshi. Ya zagaya gonar duka a ƙafa. Ya dawo ya tsaya daidai inda nomanmu ya tsaya, ya ja layi da sandarsa.

"Daga nan zuwa rafi ya dawo hannuna. Daga nan zuwa tudu naku ne. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Baɗi Alhaji ya shuka auduga a bakin rafin, a ƙasar da muka tumɓuke wa kututture. Muna ganinta fara fat daga cikin tamu. Ya yi ciwo. Amma tudun ya zauna a hannunmu, kuma daga wannan shekara ban ƙara noma gonar wani a marka ba. Daga baya muka gina rumbu na biyu, muka sayi shanun huɗa. Ƙungiyar ta yi shekaru kafin fari ya watsa mu, wasu suka gangara kudu wajen Binuwai, ni ma na bi.

Kafin in bar garin na tambayi Asta abin da ya daɗe yana cina. Na same ta tana tankaɗe. Na ce, Adda, mu maza muka kasa, ke ina kika samo ƙarfin faɗa? Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba ƙarfi ba ne. Ranar da aka fitar da gawar Hamadu, duk garin nan ya shiga ɗakina, kowa ya ga abin da ke ciki. Me ya rage in rufe?"

Bulus ya rasu. Baba Tije tun tuni. Ta'aziyyar rasuwar Asta ce ta kai ni garin bara. Tudun yana hannun jikokinsu, gyaɗa suke sawa.

Ni ina Garwa yanzu, wajen ɗan ƙanena, a wata unguwa kusa da gada. Ƙafa ɗaya ta daina aiki. Ina da ɗaki da tabarma a ƙofarsa. Farkon zuwana, matarsa takan leƙo ta ce, Baba, kana jin yunwa? In ce a'a. Yarinya ce mai hankali. Ta daina tambaya, ajiyewa kawai take yi ta tafi.